Ɗana, Abin Karyawarka Yana Cikin Rumbunmu

 Na ji likita ya ce ka rabu da gahawa, ka kuma yi hattara da alkama, har ka shiga damuwar abin da za ka riƙa karyawa da shi. Kwantar da hankalinka. Mutumin Wasagu, ƙasar dawa da gero, ba zai rasa abu mai ɗumi da safe ba.

Fara da sanin abin da kake gudu. Abin da ke wartsake ka a Nescafé sinadari ne mai suna kafeyin. Ba ƙarfi yake ƙara maka ba, gajiya yake lulluɓewa, in ya sake ka ta dawo. Bayan kamar awa 5 rabinsa na nan a jini, shi ya sa wanda ya sha da la'asar yake kwana juyi. Masana lafiya sun ce baligi kada ya wuce miligiram 400 a yini, mai juna biyu kuwa 200. Yana cikin Lipton, yana cikin Coke da kayan ƙara kuzarin da 'yan acaɓa ke sha, yana kuma cikin goro. In ka bar gahawa ka koma wa goro, an gudu ba a tsira ba.

Abin gudu a alkama kuwa sunansa gulutin, a alkama da sha'ir yake: burodi, taliya, fanke, gurasa, alkaki. Akwai waɗanda yake lalata wa bangon hanji, su yi ta fama da kumburin ciki, gudawa da rama. In ana zaton haka gare ka, a yi gwaji tun kana cin alkamar, don in ka daina kafin a gwada, ciwon na iya ɓuya. Gero, dawa, masara, shinkafa da acca duk babu gulutin a cikinsu.

To, ka ga abin nema ya samu. Koko mai zafi da ƙosai ya riƙe kakanninka daga hantsi har azahar a gona. Ga kunun tsamiya, ga kunun gyaɗa da shinkafa. In shayi kake marmari, a daka citta da kanumfari, a tafasa da na'a-na'a, ka zuba zuma kaɗan. Ran sanyin hunturu za ka ji shi har yatsun ƙafa. Zoɓo ma ana shan shi da ɗumi, sai dai yana sauke hawan jini, don haka mai shan maganin hawan jini da mai ciki su fara tambayar likita.

In kuma ɗacin nan da ƙamshin ƙauri ne ka kasa mantawa, ka tara ƙwallon dabino, musamman da azumi lokacin da ake zubar da shi. A wanke tas, a shanya ya bushe ƙayau, a soya a kasko ba mai, da wuta kaɗan-kaɗan ana juyawa, har ya yi duhu ƙamshi ya tashi. A daka a turmi, a tankaɗe. Cokali ɗaya a kofin ruwa, a tafasa, a tace. Babu kafeyin, babu gulutin.

Abu biyu zan ja maka kunne a kai. In za a kai niƙa, a tambayi mai inji ko ya niƙa alkama, domin ɗan abin da ya maƙale a inji ya isa ya tayar wa mai wannan ciwo da ciki. Kayan gwangwani kuma ka karanta jikinsu, wasu da sha'ir ake haɗa su.

Kada ka yanke gahawar rana ɗaya. Kai zai sara, jiki ya mutu na 'yan kwanaki, ka ɗauka ba za ka iya ba. Rage rabi wannan mako, ka sake ragewa mako mai zuwa, kana cike gurbin da kunu. Sannu ba ta hana zuwa. Ka kuma zauna da maiɗakinka ka yi mata bayani da kyau, tunda tukunya a hannunta take, ku mai da kunun abin shan gida gaba ɗaya har da yara. Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ya sa ka ji daɗin abin da ka noma.