Darasi: Ɗan kunya da masu fataucin ɓawonsa

Darasinmu na wannan fitowa a kan ɗan kunya ne. Dattawanmu da suka taso daga ƙasar Hausa sun san shi. Dabba ce mai shayarwa, jikinta rufe da ɓawo kamar sulke. Idan ya tsorata sai ya dunƙule ya ɓoye kansa, shi ya sa aka ba shi wannan suna.

Yadda yake rayuwa

Ɗan kunya iri huɗu ne a Afirka. Biyu a bisa itace suke zama, a kurmin Kamaru da Kongo da kudancin Najeriya, kamar gandun dajin Kuros Riba. Ɗaya daga cikinsu, mai farin tumbi, nauyinsa kamar kilo 2 ne. Yana kwana cikin kogon itace da rana, ya fito da dare, yana riƙe reshe da wutsiya. Ba shi da haƙora. Da dogon harshe yake lasar tururuwa da gara. Uwa ɗa guda take haifa, ta goya shi a gindin wutsiyarta. Wanda ake samu a Sudan ɗan uwansu ne da ke zama a rami.

Abin da ke ƙarar da shi

Na farko, sare kurmi don katako da gonaki. Idan itacen ya faɗi, makwancinsa ya tafi. Na biyu, farauta don nama. Dunƙulewar da ke kare shi daga damisa ba ta kare shi daga mutum, ɗaukarsa kawai ake yi a jefa a buhu. Na uku, wanda ya fi muni, fataucin ɓawonsa zuwa Asiya don maganin gargajiya. A watan Afrilu na 2019 hukumomin Singafo sun kama fiye da tan 25 na ɓawo da aka yi lodinsa daga Najeriya. Alhali kuwa sinadarin ɓawon ɗaya ne da na farcen hannunmu, babu hujjar cewa yana magani.

A 2016 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES suka haramta cinikin ɗan kunya tsakanin ƙasashe. Sudan da Habasha da Najeriya duk suna ciki.

Ina ruwanmu a Gadarif?

Muna zaune kusa da iyakar Habasha, kuma gandun dajin Dindir, wanda aka keɓe tun 1935, yana kudu da mu. Masu fasa-ƙwauri sukan nemi wanda ke cikin matsi su ba shi dako. Idan aka kama kaya, ɗan dako ne ke shiga hannu, mai kaya yana can. Ga ɗan gudun hijira, wannan na iya jawo ɗauri, ya kuma dagula maganar takardunsa. Don haka:

1. Kada mu karɓi buhu ko kwali da ba mu ga abin da ke ciki ba.
2. Kada mu saya ko mu sayar da ɓawo, fata ko naman dabbar daji.
3. Kada mu shiga gandun Dindir don farauta ko yin gawayi.
4. Wanda aka matsa masa, ko aka yi wa ɗansa tayin irin wannan aiki, ya zo teburin kariya. Akwai tafinta, kuma ana riƙe sirri.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa.