Kwaɗo da Kududdufinsa

Kwaɗo dabba ce mai gida biyu. A ruwa yake fara rayuwa, a tudu yake ƙarasa ta. Idan ruwan farko ya sauka, kududdufai suka kawo, da dare sai kuka ya kaure ta ko'ina. Maza ne ke wannan kukan, mata suke kira. Macen takan zuba ƙwai a cikin ruwa, dubbai a lokaci guda. Na wani irin a dunƙule yake, na wani kuma a jere kamar carbi. Bayan 'yan kwanaki sai 'ya'ya su fito, baƙaƙe, da wutsiya, ba ƙafa ko ɗaya, suna numfashi a cikin ruwa. Ƙafafun baya ne ke fara tsirowa, sannan na gaba, wutsiyar kuma ta riƙa zagwanyewa har ta ɓace. Sai a lokacin ne ɗan kwaɗo zai iya hawa tudu.

Wannan canji yana cin makonni. In kududdufin ya ƙafe kafin ƙafafu su fito, ko aka cike shi, ko guba ta shiga, 'ya'yan wannan shekara sun tafi gaba ɗaya. Don haka duk mai son kare kwaɗo, ruwan da yake ƙwai a ciki zai fara karewa.

Akwai wani abu kuma da ya kamata ku sani game da fatarsa. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Fatarsa ce ke tsotse masa ruwa, kuma ta nan yake samun wani ɓangare na iskar da yake shaƙa. Abin da ya shiga ruwa ya shiga jikinsa ke nan. Shi ya sa kwaɗi kan cutu sosai idan ruwa ya gurɓace. Da rani kuwa wasu sukan haƙa su shige cikin laka ko ƙasa mai danshi, su kwanta watanni ba motsi, sai damina ta tashe su.

Me za a rasa in babu shi? Kwaɗo kan kwana yana farauta. Yana cin fara da shinge da tsutsa da ƙananan ƙwarin da ke ɓata shuka, kuma ba ya karɓar ladan ko sisi daga manomi. Shi ma abinci ne ga shamuwa da zalɓe da tarwaɗa da maciji. Mutane kan ce kwaɗo maganin sauro ne. Yana cin sauro, amma kada a ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Kududdufin da ya cika da shara da ruwan kwata matattarar sauro ce, komai yawan kwaɗin da ke bakinsa, kuma gidan sauro na kwanciya shi ne kariyar yara.

A shekarar 2023 masana suka fitar da sakamakon wani babban bincike kan kwaɗi da danginsu, iri sama da 8,000 a duniya. Sun samu kusan 41 cikin kowane 100 suna cikin haɗarin ƙarewa. Babban dalili shi ne rasa muhalli. Sai sauyin yanayi, sai wata cutar fata mai yaɗuwa a ruwa wadda ta hallaka kwaɗi da yawa a nahiyar Amurka da Ostareliya.

Ga labarin wani ƙaramin kwaɗo a ƙasar Tanzaniya. Bai kai tsawon ɗan yatsa ba, launinsa rawaya-rawaya. A faɗin duniya wuri ɗaya tak yake zaune, gindin wani gangaren ruwa a kogin Kihansi. Ruwan kan faɗo daga saman dutse da ƙarfi, feshinsa ya riƙa jiƙa ciyawar da ke gefe dare da rana. A cikin wannan feshi yake rayuwa, a fili mai faɗin hekta biyu ko makamancin haka. Shi ba ya ma zuba ƙwai, haihuwa yake yi. A 1996 masana suka gano shi, a daidai lokacin da ake gina madatsar ruwa don samar da lantarki a saman kogin. Da madatsar ta fara aiki, aka karkatar da kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan. Feshi ya ɗauke, ciyawa ta bushe. Aka kakkafa famfunan feshi don a maye gurbin na Allah, amma abin bai ɗore ba, ga cutar fatar nan ta shigo. A 2009 aka bayyana cewa babu sauran ko ɗaya a daji.

Abin da ya cece shi, tun a shekarar 2000 an ɗebi kusan 500 an kai gidajen namun daji a Amurka, aka yi ta kiwonsu a ɗakuna na musamman har suka zama dubbai. A 2012 aka fara mayar da wasu gida. Ba wanda ya ɗaga sanda ya kashe kwaɗon Kihansi. Ruwansa kawai aka ɗauke, kuma kuɗin da aka kashe wajen gyara ɓarnar ba kaɗan ba ne.

Mutanen Ingila sun bi ta hanyar doka. Can akwai wata 'yar uwar kwaɗo da ake kira niyut, wadda babu irinta a ƙasashenmu. Siffarta ta ƙadangare ce, amma fatarta mai danshi, kuma a ruwa take ƙwai. Babbar cikinsu baƙa ce mai jan ciki da ɗigo-ɗigo, namijin kan fitar da tukku a gadon baya lokacin barbara. Macen kan naɗe kowane ƙwai a cikin ganyen ciyawar ruwa, ɗaya bayan ɗaya. Da can kusan kowace gona a Ingila tana da tafkin shayar da dabbobi. Da ruwan famfo ya isa gonaki sai aka cike da yawa, wasu kuma aka bar su suka toshe. A cikin ƙarni na 20 kusan rabin ƙananan tafkunan ƙasar suka ɓace.

A 1981 aka kafa dokar kare namun daji, ta haɗa da wannan babbar niyut da wani kwaɗo mai ratsin rawaya a baya da ke zaune a rairayin bakin teku. Laifi ne a kashe su ko a kama su, laifi ne kuma a lalata inda suke ƙwai ko inda suke fakewa, kuma hukuncin na iya kaiwa tara ko ɗauri. Wanda zai yi gini kusa da irin wannan tafki sai ya nemi izini. Wani lokaci sai an kwashe dabbobin an kai wani wuri, ko a haƙa sababbin tafkuna a madadin wanda zai tafi. Magina suna ƙorafi cewa aikinsu na jinkiri saboda wata 'yar dabba, kuma ƙorafin ba banza ba ne. Amma a ganina masu dokar sun gane inda gizo ke saƙa da suka sa tafkin a cikinta.

Ba komai ne doka ke yi ba. A ƙarshen hunturu kwaɗin Ingila kan nufi tafkin da aka ƙyanƙyashe su, ko da titin mota ya ratsa hanyar. Sai masu sa kai su fito da daddare da bokiti da tocila, su tsince su, su tsallakar da su.

Mu ma muna da namu babban dausayin. Tsakanin Haɗejia a Jihar Jigawa da Nguru a Jihar Yobe, kogin Haɗejia da na Jama'are kan malala kowace shekara su shayar da fadamu. Nan ake noman shinkafa, ana su, ana kiwo, kuma tsuntsaye kan taso tun daga Turai su yi hunturu. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971. Sai dai madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun canza tafiyar ruwan. Ambaliyar damina ta ragu, wasu wurare kuma ruwa ya zauna shekara cur, ciyawar kacalla ta samu wurin zama ta toshe magudanai. Masunci da manomi ne suka fara kokawa. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko: duk aikin yashe hanyar ruwa da aka yi dominsu, kwaɗo ma ya ci moriya.

Akwai kuma fatauci. Burduddugi, wato babban kwaɗon nan da ake ci, ana kama shi da yawa a arewacin Najeriya da wajen Malanbil a Jamhuriyar Benin, a busar ko a banda, a kai kasuwannin kudu buhu-buhu. Sana'a ce, tana ciyar da gidaje. Illar ita ce kamun farkon damina, lokacin da mata ke ɗauke da ƙwai. Wanda ya ɗaga ƙafa na 'yan makonnin nan, ya bar ƙanana, shi zai samu abin kamawa baɗi.

Manomi kuwa, abin da ke hannunsa ya fi na kowa sauƙi. In ka gama feshin magani, kada ka wanke tankin a kududdufi ko a bakin kogi. Ɗebi ruwa a bokiti, ka wanke shi can nesa, ka zubar a rami ka rufe. Kada ka jefa kwalbar magani a ruwa, kada kuma ka yi feshi hadari na haɗuwa, don ruwan sama zai wanke maganin ya kai shi fadama, kuɗinka ma ya bi ruwa. Bar ciyawa taku kaɗan tsakanin kunyar ƙarshe da bakin ruwa, tana tare ƙasa da taki, kuma nan ƙananan kwaɗi ke ɓuya ranar da suka fara hawa tudu. Masu zuba maganin ƙwari a tafki don kifi ya taso, a kai maganarsu gaban sarkin ruwa ko mai unguwa, domin daga wannan ruwan shanu ke sha, kuma kifin a kasuwa zai ƙare.