Taswira Kafin Ruwa Ya Zo: Darasi Daga Unguwar Tudu



Daminar da na shiga ajin farko, an kwana ana sheƙa ruwa a yankinmu na Unguwar Tudu. Gari na wayewa katangu sun zube, ɗakunan ƙasa sun rufta, ruwa ya tafi da wata kwalbati. Bayan kwanaki aka zo da takarda da biro ana rubuta sunayen waɗanda abin ya shafa, daga baya kayan tallafi suka iso. Amma akwai wata ƙaramar unguwa can bayan rafi, inda gwaggona take aure, ko mudu ɗaya bai kai musu ba. Ba mugunta aka yi musu ba. Masu rubutun baƙi ne, inda mota ta tsaya nan suka tsaya, ba su ma san akwai gidaje a tsallake ba. Tun ranar na gane cewa wanda ba ya cikin taswira, da wuya ya shiga cikin lissafi.

Mene ne bayanan ƙasa?

Duk bayanin da ke ɗauke da amsar "a ina?" shi ake nufi. Idan ka ce gidaje ashirin sun rushe, labari ka bayar. Idan ka ce ga inda kowannensu yake, ga hanyar da ake bi, ga asibitin da ya fi kusa, to ka ba mai agaji abin aiki.

GIS ɗin da ake koya mana a aji, idan an sauƙaƙa shi, kamar ka sami takardu shara-shara ne ka ɗora su kan juna. Ta farko hanyoyi, ta biyu rafuka da madatsun ruwa, ta uku gidaje da yawan jama'a, ta huɗu tudu da kwari, ta biyar makarantu da asibitoci da rijiyoyin burtsatse. Kowace ita kaɗai ba ta faɗin abu mai yawa. Da ka haɗa su ka leƙa ta sama, sai ka ga gidajen da ke kan hanyar ruwa, ka ga firamaren da ke kan tudu wadda za ta iya zama mafaka, ka ga ƙauyen da gada ɗaya ce tal ta haɗa shi da gari.

Kakanninmu ma sun yi irin wannan tunani. Dubi sunayen wurarenmu: tudu, fadama, kwari, gangare, jigawa. Wanda ya raɗa wa wuri Unguwar Tudu ai ya gaya maka inda ruwa ba ya kwana. Matsalar suna ita ce maimaici. Tudun Wada nawa ka sani? Sabon Gari fa? A Gwarzo akwai mazaɓar Sabon Birni, a Sakkwato kuma ƙaramar hukuma ce guda. Direban da ya taso daga nesa da kayan agaji, suna kaɗai zai iya ɓatar da shi.

Shi ya sa ake haɗawa da lambobi biyu: latitud, wato nisanka arewa ko kudu da tsakiyar duniya, da longitud, nisanka gabas ko yamma. Garin Gwarzo yana wajen digiri 11.9 arewa, 7.9 gabas. Digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne, don haka kada ka yanke lambobin da ke bayan ɗigo. Biyar bayan ɗigo suna kai ka kusan mita ɗaya daga wurin, biyu kacal kuwa za su iya barinka da tazarar kilomita. Kuma a kula, idan ka juya su, ka sa 7.9 a arewa, 11.9 a gabas, ka tura motar agajin can kusa da iyakar Kamaru.

An taɓa gwadawa kuwa?

Sosai ma. A 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa a Landan. Wani likita mai suna John Snow ya bi diddigin gidajen mamatan, sai ga su sun kewaye famfo ɗaya a titin Broad. Aka cire hannun famfon, daga baya ya ɗiga gidajen a taswira. Ba kwamfuta, ba tauraron ɗan'adam, takarda ce da ƙafa.

Ranar 12 ga Janairu, 2010 girgizar ƙasa ta rugurguza Port-au-Prince, babban birnin Haiti. Taswirar birnin da ake da ita ba ta cika ba. Ɗaruruwan 'yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban suka zauna gaban kwamfuta, suna duba hotunan tauraron ɗan'adam suna zana tituna da sansanonin waɗanda suka rasa muhalli a OpenStreetMap, taswirar da kowa ke iya gyarawa kyauta. Cikin 'yan makonni masu ceto suka koma aiki da ita. Daga wannan aiki ƙungiyar HOT ta kafu, a 2014 kuma ta haɗu da Red Cross ta Amurka da ta Birtaniya da ƙungiyar likitoci ta MSF suka fara shirin Missing Maps, don a zana wuraren da ke cikin haɗari tun bala'i bai zo ba.

Amma misalin da ya fi burge ni na gida ne. Lokacin yaƙi da shan inna, masu rigakafi a Kano da taswirar zanen hannu suke fita, ana ta tsallake rugage da ƙananan unguwanni ba a sani ba. Daga wajen 2012 aka shiga zana matsugunai daga hotunan tauraron ɗan'adam, aka riƙa ba ayarin masu rigakafi wayoyi masu GPS, da yamma a duba inda ƙafarsu ta taka da inda ba ta taka ba. Ƙungiyar eHealth Africa da ke nan Kano tana cikin waɗanda suka yi aikin. Yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama a jihar nan a Sumaila ne, a Yulin 2014, a Agustan 2020 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da ainihin ƙwayar cutar daga yankin Afirka. Ba taswira kaɗai ta yi aikin ba, sarakuna da malamai da matan da ke bin gida-gida sun sha wuya. Amma ita ta nuna musu gidan da ya rage.

Me ya shafe mu?

Jiharmu jihar madatsun ruwa ce. Ga Tiga, ga Challawa a Ƙaraye, ga Watari a Bagwai, ban da ƙanana da ke warwatse a yammacin jihar. Manya suna tuna ɓallewar madatsar Bagauda a Agustan 1988. Mu kuma da idonmu muka ga hotunan Maiduguri ranar 10 ga Satumba, 2024, bayan madatsar Alau ta ɓalle. Ambaliyar 2022 kaɗai ta kashe sama da mutum 600 a faɗin Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu.

Kowace shekara NiMet tana fitar da hasashen damina, NIHSA kuma tana lissafa ƙananan hukumomin da ke fuskantar ambaliya. Sai dai hasashen yana tsayawa ne a babban mataki. Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. Jami'in NEMA ko SEMA ba zai san kowace kwalbati tsakanin Getso, Lakwaya, Kutama da Garo ba. Ɗan garin ne ya sani. Tauraron Sentinel-1 na Turai yana hango inda ruwa ya malale ko da hadari ya rufe sama, saboda da rada yake aiki, amma ba zai gaya maka a wane gida tsohuwar da ba ta iya tafiya take ba.

Yadda za ka fara

Na ɗaya, buɗe OpenStreetMap ka nemo ƙauyenku. Wataƙila ɗigo ɗaya za ka tarar da layin hanya. Yi rajista, kyauta ne, ka fara zana hanyoyi da gine-gine daga hoton sama.

Na biyu, kafin ka fita da waya, je ka gaida mai unguwa ko dagaci ka yi masa bayani. Wanda aka gani yana yawo yana ɗaukar hotunan gidaje a wannan zamani, kun san abin da za a zata.

Na uku, tsara 'yan tambayoyi a KoboToolbox. Yana aiki ko babu sabis, sai ka dawo gari ka tura. Ɗauki wurin makaranta, asibiti, rijiya, masallacin Juma'a, gada da mashigin rafi. Tsaya a fili, ka ba wayar ɗan lokaci ta daidaita, domin GPS ɗin waya yakan kauce da 'yan mitoci.

Na huɗu, zauna da dattawa. Tambaye su ina ruwa ya taɓa kaiwa, wace hanya ce ke yankewa a watan Agusta, ina ake bi idan ta yanke. Wannan bayanin babu shi a kowane tauraro.

Na biyar, zuba komai a QGIS, shi ma kyauta ne, ka fitar da taswira a takarda. Kai ɗaya wurin dagaci, ɗaya sakatariyar ƙaramar hukuma. Ranar da ruwa ya zo, ba lallai a sami wuta ko caji ba.

Gargaɗi ɗaya, kuma da gaske nake. Ba komai ake ɗorawa a intanet ba. Sunayen masu gida, lambobin waya, inda garken shanu yake, inda rumbuna suke, waɗannan amana ce. Taswirar da za ta shiryar da motar agaji za ta iya shiryar da ɓarawo. Hanya da makaranta na kowa ne, sirrin gida kuwa na masu gida.

Ni dai furojet ɗina na ƙarshe a kan mazaɓarmu nake yinsa, kuma unguwar gwaggona na fara zanawa. Ina roƙon 'yan ajin farko masu neman abin da za su rubuta a kai, da shugabannin ƙungiyar ɗalibai, mu ware Asabar ɗaya kafin damina mu zauna a ɗakin kwamfuta, kowa ya zana ƙauyensu. Mai laftof ya zo da ita, mai waya ma akwai aikinsa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga sharrin ruwa, Ya ba mu sa'ar jarrabawa. Amin.