Ɗan Kasuwa, Ka Rubuta Kafin Ka Kwanta

A 2006 madatsar ruwa ta Gusau ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta tafi da ɗaruruwan gidaje. Abin da aka ruwaito shi ne ƙofofin sakin ruwa sun ƙi aiki a lokacin da ake buƙatarsu. Ƙofa kuwa dubawa take so a kai a kai, tun kafin damina.

Jari ma haka yake karyewa. Mai shago a Gusau ko mai sayen hatsi a kasuwar Tsafe ba kasafai asara ɗaya ke kayar da shi ba. Bashin da bai rubuta ba ne, da cefanen da ake zara daga aljihun ciniki kullum, har uwar kuɗi ta zaizaye bai sani ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka sayi littafi. Bayan Isha'i ka rubuta abin da ya shigo, da abin da ya fita, da sunan wanda ya karɓi kaya bashi, ko da ƙaninka ne. Nan ne kunya ke cutar mutanenmu, alhali Alƙur'ani kansa ya yi umarni da rubuta bashi a Suratul Baƙara. Ka yanka wa kanka kuɗin cefane, kada ka wuce shi. In ka shiga adashi, zaɓi zubin da za ka iya ko ranar da kasuwa ta yi sanyi.

Manomin Bungudu kuma, da yake iri ne jarinsa, ya ware irin baɗi tun ranar sussuka, ya ajiye daban da abincin gida.

Kada ka jira sabuwar shekara, fara daren yau.