Ragon suna na ɗaure, kuɗin jini babu

Ƙarfe biyu na dare aka sauke min wata mai naƙuda daga kan babur, daga wani ƙauye a gefen Sharabi. Ciki na bakwai, naƙuda kwana biyu, ko sau ɗaya ba ta zo awo ba. Da na ɗora hannu a cikinta sai na ji gaɓoɓin jaririn kamar zane kawai ya raba mu. Bugun zuciyarsa babu, nata sai gudu yake, ido fari fat. Mahaifa ta fashe.

Na ce da uwar mijin, "Inna, wa ya yi mata allura?" Ta sunkuyar da kai. Ashe wani mai kyamis ne ya zuba mata oksitosin biyu a cinya, wai naƙuda ta yi sauri. Kan da bai ma sauko ba!

Na rubuta musu takardar babban asibiti. Mijin ya ce, "Malama, wallahi ko kuɗin mai ba ni da shi, sai ranar kasuwa." Awa uku muna buga waya, ana karo-karon kuɗin mota da na jini, har da sefa wani ya kawo. Ta cika a hanya kafin asuba. Ranar da na je gaisuwa, ragon suna na ɗaure a tsakar gida yana cin harawa.

Dokar lafiya ta 2014 ta ware kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, hukumar inshorar lafiya ta KECHEMA ke rajistar marasa ƙarfi a Kebbi. A Nuwamban 2024 Minista Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata talakawa. Maƙwabtanmu na Benin tun 2009 suka fara. To, wa zai zuba mai ya kai mace ƙofar tiyatar da tsakar dare?

Mu ne. Kowane magidanci ya ba da kwanon shinkafa ɗaya da kaka, don Allah, ba dole. A sayar, a riƙa ajiye kuɗin wurin mutum uku amintattu, da littafi, a karanta shi bayan Juma'a. Masu fitar da zakka, ga matalauta a gabanku.

Ku bar yi wa mai naƙuda allura a gida. Rubutu da jiƙo ba sa buɗe ƙugu. Ku zo awo, ku yi rajista. A san rukunin jinin mai ciki tun wata bakwai, a san wanda zai bayar. Kuma don girman Allah, ku raba mai kyamis da allurar naƙuda.

Ragon nan da an sayar da shi da wuri, da ya kai ta.