Karen Bigul Da Ya Riga Ya Girma: Abin Da Nake Faɗa Wa Iyali Kafin Su Kai Shi Gida

Aikina duba ƙananan dabbobi ne, karnuka da kyanwoyi galibi, a wani asibitin dabbobi mai zaman kansa a Kaduna. Cikin karnukan waje da ake kawo mana akwai wani ɗan madaidaici mai dogayen kunnuwa da suka zubo har gefen baki, jikinsa fari da baƙi da ja, ƙarshen wutsiyarsa fari fat. Shi ne bigul, wanda za ka ga an rubuta Beagle a katinsa na asibiti. Da yawa daga cikin waɗanda nake gani ba a hannun mai su na farko suke ba. Wani ma'aikacin ƙasar waje ne ya gama aiki zai koma gida ya bar shi. Wani kuma ya saya wa yara yana ɗan kwikwiyo, da ya girma aka gaji da shi. Sai a ba wani iyali kyauta, su karɓa da murna saboda kyawun fuskarsa da sanyin idonsa. Bayan wata biyu sai ga su a gabana, maigida yana cewa, "Likita, wannan kare ba ya jin magana."

Ina goyon bayan a karɓi babban kare, kuma ina faɗin haka da gaske. Kwikwiyo caca ne: ba ka san halin da zai tashi da shi ba, ga tauna takalma, ga fitsari ko'ina, ga cututtukan ƙuruciya irin su fabo da ke kashe su cikin kwanaki. Kare mai shekara uku ko biyar kuwa girmansa ya tsaya, halinsa ya bayyana, abin da ka gani shi ka samu. Bigul kan yi shekara 12 zuwa 15, don haka wanda ka karɓa yana da huɗu zai iya raka ɗanka daga firamare har ya gama sakandare. Kuma masu cewa babban kare ba ya sabawa da sabon gida ba su zauna da shi ba ne. Yana sabawa sarai. A shekarar 2022 an kwashe bigul kusan 4,000 daga wata cibiyar kiwo ta kamfanin Envigo a Cumberland, jihar Bajiniya ta Amurka, inda ake hayayyafa su don gwaje-gwajen kimiyya, aka rarraba su ga iyalai. Cikinsu akwai manyan da ba su san zaman gida ba ko kaɗan. Ɗaya daga ciki, wata karya mai shekara bakwai, Yarima Harry na Ingila da matarsa Meghan ne suka ɗauke ta. Idan irin waɗannan sun koyi zaman gida, wanda ya fito daga gidan mutane ba zai gagara ba.

Amma sai ka san wa ka ɗauko. Bigul karen farauta ne. A Ingila aka samar da shi don bin sawun zomo, kuma ba shi kaɗai yake fita ba, garke guda ake saki, mafarauta na biye da su a ƙafa. Duk abin da zai ba ka mamaki a halinsa daga nan ya samo asali. Karnukan farautarmu na gida, masu dogayen ƙafafu da siririn ciki, da ido da gudu suka fi aiki. Shi kuwa da hanci. In ya sa hancinsa a ƙasa ya kama wani ƙamshi, to kunnensa ya toshe. Ka kira sunansa har muryarka ta dishe, ba raini ba ne, bai ma san kana yi ba. Wannan hancin ne ya sa ma'aikatar noma ta Amurka ta fara amfani da su tun 1984 a filin jirgin sama na Los Angeles, suna shinshina jakunkunan matafiya don gano nama da 'ya'yan itatuwa da aka hana shiga da su. Har yau suna wannan aiki.

Me wannan ke nufi a gidanka? Ƙofar gida da aka bari a buɗe minti ɗaya, don almajiri ya karɓi abinci ko mai ruwa ya shigo da kura, ta ishe shi. Ba gudun gida yake yi ba, sawu yake bi, kuma ba ya duba titi. Bigul ɗin da ake kawo mana da karaya kusan duk labarinsu iri ɗaya ne: ƙofa, sannan babur ko mota. Saboda haka kafin ya iso, a zagaya katanga a duba ƙasa, ba sama kawai ba, domin gwanin tono ne. A toshe rariya in tana da faɗi. A sa masa abin wuya mai lambar waya. Kuma kada a taɓa sakin igiyarsa a waje, ko da ya shekara a hannunka yana amsa kira a tsakar gida. In kuna kiwon zomaye ko kaji ko zabi, a raba su da shi da waya mai ƙarfi. Zomo dai abin da aka yi shi dominsa ne, babu horon da zai cire masa wannan.

Wani abin da nake so a ji da kyau: bigul ba mai gadi ba ne. Nauyinsa tsakanin kilo 9 zuwa 14 ne, kuma yana son mutane, baƙo da na gida duk ɗaya. Zai yi haushi in an taɓa ƙofa, amma da an shigo sai kaɗa wutsiya. Abin da ya fi ɓata mini rai a aikin nan shi ne in ga an ɗaure shi da sarƙa a bayan gida yini guda, wai don ya yi zafi. Ba zai yi zafi ba. Kuka zai yi, wani dogon kuka mai amo da aka halicce shi da shi don mafarauci ya ji daga nesa, kuma maƙwabcinka na gida na uku zai ji shi tsakar dare. Kare ne na garke, kaɗaici ciwo ne a gare shi. Gidan da kowa ke fita da safe ba a dawowa sai magariba, gara su haƙura da shi.

Akwai kuma maganar addini, wadda ban taɓa tsallake ta da iyalan Musulmi ba. Sanannen abu ne cewa malamai sun yi bayani kan ajiye kare don farauta ko gadi ko kiwo, da kuma hukuncin yawunsa da shigarsa ɗaki. A je a tambayi malami, a zauna da uwargida da duk wanda ke gidan a yanke shawara tun karen bai zo ba. Na ga gidajen da maigida ya kawo shi ba shawara, uwargida ba ta so, ƙarshenta aka kulle shi a kejin ƙarfe a rana. In an yanke cewa ba zai shiga ɗaki ba, babu laifi, zai iya rayuwa lafiya a tsakar gida muddin akwai inuwa ta gaske, da ruwa mai sanyi kullum, da mutane da ke zama kusa da shi.

Yanzu ga abin da za ka tambayi wanda zai ba ka shi. Me ya sa za a rabu da shi? Ya taɓa cizon wani? Ya saba da yara? Ya taɓa faɗuwa yana shure-shure? Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin farfaɗiya na cikin cututtukan da aka san wannan jinsi da su, kuma ana iya riƙe ta da magani in an sani. Sai katin rigakafi. In aka ce maka "an yi masa komai" amma babu kati mai kwanan wata da sa hannun likita, ka ɗauka ba a yi ba. Kai shi asibiti a makon farko a yi masa allurar ciwon haukan kare, a kuma riƙa maimaitawa duk shekara. Ba wahalar samu take ba, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos ma tana yin ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo na kashe mutane kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar, ba sai gobe ba.

In aka ɗora mini bigul a kan tebur, kunne nake fara ɗagawa. Wannan kunne mai kyau da ya sa aka so shi murfi ne, iska ba ta shiga, danshi ba ya fita, musamman da damina. Lafiyayyen kunne cikinsa jaja-jaja ne mai haske, babu wari. Wanda ya kamu kuwa, tun kafin ka duba za ka ji wani tsami-tsami, ka ga baƙin datti mai maiƙo ya cika lungunan, karen yana karkata kai gefe guda yana kaɗa shi, yana sosa da ƙafar baya har ya fasa fata. Sau ɗaya a mako a ɗaga kunnen, a shinshina, a goge iya inda yatsa ya kai da auduga da ruwan wanke kunne na asibiti. Kada a zura tsinken auduga, kada a ɗiga man ja ko kananzir. A nan ne kuma kaska ke ɓuya, da tsakanin yatsun ƙafa. Kaska ba ƙaiƙayi kawai take sawa ba, tana ɗauke da cututtukan jini da ke sa zazzaɓi da kasala, ka ɗaga leɓen kare ka ga dasashinsa ya yi fari. Ina roƙo da babbar murya, kada a yi masa wanka da fiya-fiya ko maganin feshin gona. Mun sha karɓar karnuka suna dalalar da yawu, jiki na karkarwa, saboda wannan, kuma ba duka ne ke tashi ba.

Bayan kunne sai in shafa haƙarƙari. Ya kamata in ji ƙasusuwan a ƙarƙashin yatsuna ba tare da na danna ba, in kuma na dube shi ta sama in ga ƙugu ya ɗan shiga. Yawancin manyan bigul da nake gani sun zama kamar buhun gero mai ƙafa huɗu. Ba ya ƙoshi, kuma ya iya roƙo da ido. Wata Hajiya ta ce mini, "Likita, wallahi in ya kalle ni ina cin abinci sai in ji kamar na zalunce shi." Na ce, "Hajiya, ko yanzu ya gama cin nasa haka zai kalle ki. Ki auna masa sau biyu a rana, ki kuma gaya wa yara da mai aiki, don kowa na ba shi a ɓoye." Ƙiba kan ƙara musu ciwon baya da na gaɓoɓi, ta kuma rage musu kwana. In kuwa yana ƙiba alhali ba a ƙara masa abinci ba, gashi na zuba, ga yawan barci, a gwada jininsa, don raunin wani ƙullin maƙogwaro da ke sarrafa ƙarfin jiki na yawan samun su.

Kwaɗayin nan shi ne babban haɗarinsa a gidajenmu. Zai buɗe kwandon shara, zai hau tebur, zai ci abin da ya samu. Albasa da tafarnuwa na lalata masa jini, don haka ragowar miyarmu ba abincinsa ba ce. Cakulan da goro da inabi da zabibi guba ne a gare shi. Dafaffen ƙashin kaza na tsagewa ya huda hanji. Farasitamol da magungunan ciwon jiki na mutane kada a ba shi ko rabin ƙwaya. Shinkafar ɓera kuwa, duk lungun da ka ɓoye ta hancinsa zai kai shi, gara a fitar da ita daga gidan gaba ɗaya.

A kwanakin farko ne mutane suka fi yanke hukunci cikin gaggawa. Kare ne da ya rasa gidansa da mutanensa a yini ɗaya. Zai iya ƙin abinci, ya maƙale a ƙarƙashin mota, ya yi fitsari inda bai kamata ba ko da a da ya iya. Masu kula da karnukan da aka yasar suna da wani lissafi na kusan-kusa: kwana uku na firgici, mako uku na koyon tsarin gida, wata uku kafin ya saki jiki. A ba shi wuri ɗaya nasa, a ci gaba da irin abincin da ya saba sannan a sauya a hankali cikin mako guda. A hana yara rufar masa, kada su taɓa shi yana ci ko yana barci, kuma kada a bar ƙaramin yaro da shi su kaɗai komai sanyin halinsa. In ya yi gurnani, kada a doke shi. Gargaɗi yake yi, kuma karen da aka hana gargaɗi shi ne ke cizo ba sanarwa. Duka ba ya koya wa bigul komai sai tsoro, amma da ɗan yankan nama a hannu za ka koya masa zama da jira da zuwa in an kira, ko shekararsa nawa.

Yana buƙatar tafiya kamar awa ɗaya a rana, a raba biyu, bayan asuba da kuma dab da magariba. A watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, ka ɗora bayan hannunka a kan kwalta tukuna, in ba za ka iya jurewa ba, tafin ƙafarsa ma ba zai iya ba. Kuma kada ka riƙa fizgar sa in ya tsaya shinshina gindin bishiya. Shinshine-shinshine ma na gajiyar da shi sosai, kuma wanda ya gaji haka ba ya tone fulawar Hajiya. A ranar da ba a samu fita ba, a watsa abincinsa cikin ciyawa ko a ɓoye a kwalaye a bar shi ya nema.

In an yi duk wannan, bayan wata uku aka ga zaman ba zai yiwu ba, a koma wa wanda ya bayar ko a zo wurin likitan dabbobi, mukan san iyalan da ke nema. Kada a kai shi bayan gari a sake. Bai san rayuwar titi ba, bai san mota ba, kuma karnukan unguwa ba za su bar shi ba. A haɗa wa sabon mai shi katin rigakafinsa, da sunan abincin da ya saba, da gaskiyar dalilin da ya sa aka rabu da shi.