Sankarar Mama: Kada a Ɓoye, Kada a Jira

Sankarar mama ita ce wadda wasu ke kira dajin nono, wasu kuma su ce kansa. A duk nau'o'in sankara, ita ta fi kama matan Nijeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an gano ta a jikin mata miliyan 2.3 a faɗin duniya. A Nijeriya kaɗai an ƙiyasta fiye da mata 32,000 sun kamu a wannan shekarar, wajen 16,000 kuma sun rasu. Babban dalilin wannan rashi mai yawa shi ne jinkiri. Yawancin matanmu ba sa zuwa asibiti sai ciwon ya ci jiki.

Me ke kawo jinkirin? Akwai kunya, akwai rashin kuɗi, akwai kuma maganar da aka daɗe ana yi cewa daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. Wannan magana ta kai mata da yawa kushewa. Mace za ta ji ƙullutu, sai a ce ta jiƙa sassaƙe, ta shafa wannan, ta yi hayaƙin wancan. Wata shida, shekara guda, har wurin ya fashe ya fara wari, sannan a ɗauko ta ranga-ranga. In ta rasu a asibiti sai a ce allura ce ta kashe ta. Ba allura ba ce, zaman gida ne. A yi addu'a, a kuma tafi wurin likita, ɗaya ba ya hana ɗaya.

A Kasuwar Utako da ke Abuja za ki ga mai sayar da tumatir ta karɓi kuɗi ta cusa a rigar nono, wani lokaci har da wayar salula. Wasu na cewa wannan ne ke jawo cutar. Babu hujjar haka. Ba a kuma ɗaukarta a wurin wata, ba jifa ba ne, ba sammu ba ne. Tana kama mai kuɗi da talaka, malamar Islamiyya da 'yar mishan. Haɗarin yana ƙaruwa in shekaru sun ja, ko in uwa ko 'yar'uwa ta taɓa yi. Shayar da jariri nono yana rage shi. Maza ma suna kamuwa, amma kaɗan ne, kamar ɗaya cikin ɗari na masu cutar.

Ga yadda za ki duba kanki. Sau ɗaya a wata, bayan al'ada ta ɗauke da 'yan kwanaki, ki tsaya gaban madubi ba riga. Ki duba mamanki, hannuwanki a ƙasa, sannan ki ɗaga su sama. Shin ɗaya maman ya canza girma? Fatar ta lotsa, ko ta yi kaushi da ƙananan ramuka irin ɓawon lemo? Kan nonon ya shige ciki, ko yana fitar da jini ko ruwa alhali ba kya shayarwa? Daga nan ki kwanta rigingine, ki sa hannun dama a ƙarƙashin kai. Da cikin yatsu uku na hagu ki riƙa danna maman dama a hankali, kina zagayawa, har cikin hammata. Sai ki juya ki yi wa ɗayan. Wadda ta daina al'ada ta zaɓi rana guda a kowane wata. Ki riƙe wannan da kyau: ƙullutun sankara sau da yawa ba ya ciwo a farko, shi ya sa ake raina shi.

In kin ji wani abu, kada hankalinki ya tashi. Yawancin ƙullutun mama ba sankara ba ne, amma likita ne kaɗai zai tantance. Ki fara da asibitin da ke kusa da ke, in kina so ki nemi mace ta duba ki. Za a tura ki hoton mama. In akwai shakka, sai a ɗebi ɗan nama da allura a kai ɗakin gwaji. Wannan gwajin ne ke faɗin gaskiya.

Maganin ya danganta da inda cutar ta kai. Akwai tiyata, a cire ƙullutun ko maman gaba ɗaya. Akwai kemo, maganin da ake sa wa ta jijiya. Yana sa amai da kasala, gashin kai ya zube, amma yana sake fitowa. Akwai gasa wurin da na'ura, wanda ake yi a Asibitin Ƙasa na Abuja, ba nisa da Utako. Wasu kuma a ba su ƙwayar da za su sha shekara 5 ko fiye. Wuya kam akwai, sai dai ana warkewa. Betty Anyanwu-Akeredolu, wadda daga baya mijinta ya zama gwamnan Ondo, an gano tata a 1997, aka yi mata magani a asibitin koyarwa na Ibadan, ta warke, ta kafa ƙungiyar BRECAN don wayar da kan mata.

Magani yana cin kuɗi. Gwamnatin Tarayya na da asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama, ki tambaya a asibiti. A Abuja kuma akwai gidauniyar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, da ƙungiyar Project PINK BLUE, waɗanda kan shirya gwaji kyauta lokaci-lokaci.

Kai kuma maigida, in iyalinka ta ce ta ji wani abu a ƙirjinta, kada ka ce a bari sai ƙarshen wata. Ka raka ta asibiti cikin makon nan.